Darbejiya ko Iksora: Wanne Za Mu Dasa a Tsakar Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun tare a sabon gidanmu da ke bayan garin Kano wata uku da suka wuce. An shimfiɗa intalok a tsakar gida, aka bar rami guda don shuka, taku biyu daga bangon falo, taku huɗu daga sokawe. Maigida ya ce darbejiya zai dasa saboda zafi. Ni kuma iksora nake so, fulawar nan mai jan fure cunkus da na gani a gidan yayata a Fatakwal. Ba mu da burtsatse, wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa, ga yara ƙanana. Gidan yamma yake kallo, kuma akwai fili kamar taku goma tsakanin katanga da hanya. Wanne za mu dasa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Allah ya sa kun tare a sa'a, ya albarkaci gidan da mutanen cikinsa.

Bari in yanke miki hukuncin tun da wuri, dalilai sa biyo baya. Maigida ya dasa darbejiyarsa, amma a ƙofar gida. Ke ma ki sayi iksorarki, guda ɗaya ko biyu, ki sa a tukunya. Ramin nan da kuke ja-in-ja a kansa kuwa bai dace da ko ɗaya daga cikinsu ba, wani abu na uku zan ba ku shawara ku sa.

Na yi shekaru ina aikin gandun daji, da na ajiye kuma na buɗe ɗan lambun rainon dashe, don haka irin wannan gardama tsakanin mata da miji na sha jin ta a bakin lambuna. Duk wanda ya zo, tambayar farko da nake yi masa ita ce: wa zai ba shukar nan ruwa a watan Afrilu, kuma da wane ruwa? A damina kowace shuka kyakkyawa ce. Sai bazara ta kankama, mai ruwa ya ƙara kuɗin jarka, ko kuma ya kwana biyu bai leƙo layinku ba, a nan ake sanin wadda aka dasa don ta zauna.

Mu fara da taki. Iksora asalinta kudancin Indiya ne da Siri Lanka, wuraren da iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara. Shi ya sa kika gan ta tana sheƙi a Fatakwal: can ruwan sama ya haura milimita 2,000 a shekara, ana yin sa kusan wata tara, ƙasar kuma mai tsami ce, irin wadda take so. Kano kuwa abin da muke samu bai cika wuce milimita 700 zuwa 1,000 ba, kuma kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Sauran watannin na shekara daga jarkarki za ta sha.

Ba ƙishirwa kaɗai ke wahalar da ita a nan ba. Hunturu in ya sauko, laimar iska da rana tsaka takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ganye yana zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya ɗauko masa, ko da kuwa ƙasar a jiƙe take. Sai ki ga bakin ganyen ya ƙone ya yi ruwan ƙasa, ƙura ta lulluɓe shi, tohon fure ya kakkaɓe tun bai buɗe ba. Hunturu na wucewa sai zafin Maris zuwa Mayu, da ke haura digiri 40, kuma intalok da bangon siminti suna shan wannan rana su mayar wa duk abin da ke kusa da su. Ki taka tsakar gidanku ba takalmi da ƙarfe biyu na rana ki ji. Abin da tafin ƙafarki ya ji, shi saiwar iksora za ta kwana tana ji, don saiwoyinta a sama-sama suke.

Sai abu na uku, wanda masu sayar da fulawa ba su cika faɗa ba. Iksora ba ta shiri da ƙasa mai kanwa-kanwa. Ƙasar sabon gida kuwa cike take da ɓurɓushin siminti, fasassun bulo da ruwan wankin kwanon kwaɓi, duk kuwa suna kashe tsamin ƙasa. In aka ƙara da ruwan rijiya mai nauyi, ko ruwan wanki mai omo da sabulu, abin sai ya ƙaru. A irin wannan ƙasa sinadarin ƙarfe yana nan, amma a ƙulle yake, saiwa ba ta iya shan sa. Alamar ba ta ɓuya: ki duba sababbin ganyayen da ke kan reshe, za ki ga sun yi rawaya fayau, jijiyoyin da ke jikinsu kaɗai suka rage kore, kamar an zana taswira da koren biro a kan takarda. Tsofaffin ganyayen ƙasa suna nan da korensu. In abin ya yi nisa, sabon ganye zai fito ƙarami, fari-fari, ya bushe. Mutane sukan ɗauka yunwa ce su ƙara taki, ko ƙishirwa su ƙara ruwa, wasu ma su binne tsatsattsun ƙusoshi a gindinta. Ba abin da yake canjawa, tun da ba ƙarfen ne babu ba. Ramin da kika kwatanta, taku biyu daga bango, intalok zagaye da shi, kamar an tsara shi ne don haifar da wannan ciwo.

Yanzu mu yi lissafin jarka, tun da ita za ku riƙa biya. Gindin iksora guda a ƙasa, cikin rana, yana buƙatar kamar lita 3 zuwa 5 kullum a lokacin zafi. Guda ɗaya kuma ba ta ba da irin kyan da kika gani. Na tabbata a jere aka dasa ta a gidan yayarki, aka aske ta ta yi kamar katanga. Gindi goma ke nan aƙalla, wato jarka ɗaya zuwa biyu mai lita 25 kowace rana. Bana haka, baɗi haka, bayan shekara goma ma haka. Ranar da kuka yi tafiyar mako guda a watan Afrilu aka manta da ita, kin dawo kin tarar da tsinke. Dashen darbejiya kuwa, jarka ɗaya a mako ta ishe shi lokacin sanyi, biyu lokacin zafi, a ranin farko. Rani na biyu rabin haka. Daga na uku ya sallame ku, saiwarsa ta kai inda take samun abin sha da kanta. Dasa iksora a fili a Kano ba tare da famfo ba, son maso wani ne.

Har ila yau haka zancen yake ga 'yan uwanta da za a nuna miki a lambu. Haibiskos mai faffaɗan fure, dangin yakuwa ce da rama da kuɓewa, ta fi iksora haƙuri da ƙasarmu amma ba ta fi ta haƙuri da ƙishirwa ba, ga wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga da ke manne mata a toho. Kuroton mai ganye kala-kala kuwa hunturu ɗaya yake yi masa tsirara.

To, darbejiya. Ita ma fa baƙuwa ce, daga Indiya da Bama ta fito. Ba ta shigo Najeriya ba sai 1928, lokacin da aka fara dasa ta a lardin Borno da irin da aka kawo daga Gana. Cikin ƙasa da shekara ɗari ta zama 'yar gida har kowane gari ya raɗa mata suna: nan darbejiya, can dogon yaro, wani wurin bedi, wani wurin maina. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar, da ita aka yi layukan kare iska tun daga 1975 don tsare gonaki. Wanda ya je aikin Hajji ya ga itatuwan da alhazai ke fakewa a ƙarƙashinsu a filin Arfa, su ma darbejiya ce. Itacen da ya rayu a Arfa ba zai ji tsoron bazarar Kano ba. Tana iya rayuwa da ruwan sama na milimita 400 zuwa 500 a shekara, tana kama jigawa, tana kama marmara, gara ba ta cika damun ta ba, kuma babban abin da ya ɗaga ta a kan sauran shi ne tana riƙe ganyenta da rani. Takan ɗan kakkaɓe wajen ƙarshen sanyi, amma kafin zafi ya tsananta ta yi sabon toho, ta fitar da ƙananan fararen furanni masu ƙamshi da daddare. Abin da kawai ba ta jurewa shi ne ruwa ya kwanta mata a gindi.

Maigida yana da gaskiya a kan zafi. Inuwar itace ta bambanta da ta kwano ko ta rumfar leda, domin ganye yana fitar da ruwa, wannan kuwa yana sanyaya iskar da ke ƙarƙashinsa. Bangon da rana ba ta doka ba da yamma ba ya kwana yana huci cikin ɗaki. A garin da wutar lantarki ke zuwa ta tafi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma ki lura da sunayen unguwanninmu: Durumin Iya, Cediyar 'Yan Gurasa, Tsamiyar Boka, Kurna, Gawuna, Ɗorayi. Mutanen da suka kafa garin nan sun san abin da ake taruwa a ƙarƙashinsa.

Inda ya kuskure shi ne wurin. Dashen da yake riƙe da shi a leda, mai tsawon kamu biyu, itace ne da zai iya kai mita 15, rassansa su buɗe mita 10 ko fiye. Saiwar darbejiya iri biyu ce: akwai ta tsaye mai nutsawa ƙasa, akwai kuma na gefe masu bazuwa nesa da inda rassa suka tsaya, suna farautar laima. A gidan da ke kan tudu, ina laimar take da rani? Sokawe, bututun banɗaki, da ƙarƙashin daɓen da ake wanke-wanke.

Na taɓa ganin ƙarshen irin wannan da idona, kuma laifina ne. Farkon fara aikina na kawo dashe gidan wani ɗan uwana, na dasa masa a tsakar gida da hannuna, ina alfahari. Shekara takwas ana shan inuwa ana sa mini albarka. A ta tara banɗaki ya fara toshewa, aka yi ta zura waya ba ta wucewa. Da aka ɗaga murfin ramin, sai ga saiwa ta shigo ta wata 'yar tsaga a mahaɗar bututu, tsagar da ko tsinken tsintsiya ba zai shiga ba. A ciki ta yi gashi, ta cure, ta cika bututun tam kamar an cusa soson wanka. Da muka jawo ta, tsawonta ya fi hannuna. Bangon ɗakin da ke kusa kuma ya tsage daga ƙasa har gindin taga, daɓe ya kumbura ya hana ƙofa rufuwa. Sai da aka ɗauko masu sara, suka hau da igiya suna sauke reshe ɗaya-ɗaya don kada ya faɗa kan kwano. Kuɗin saran da gyaran sun ninka abin da za a kashe a rumfa mai kyau sau da yawa, gida kuma ya koma fayau a tsakiyar bazara. Tun daga ranar ba na sayar wa mutum dashen babban itace sai na tambaye shi taku nawa.

Ƙa'idar da nake bi: darbejiya ta yi nesa da harsashin ɗaki da aƙalla mita 5, in da hali 7 ko 8, haka nan da sokawe da rijiya. Naku ramin bai kai mita 2 daga bango ba. Ga kuma shara: ganye kullum, 'ya'ya in sun nuna suna faɗowa su ɓata intalok, jemagu da tsuntsaye su zo ci su bar kashi a kan shanya, ganye ya toshe indararo. A waje duk wannan ba komai ba ne. A tsakar gida mai faɗin tabarma shida, ke za ki riƙa fama.

Allah ya taimake ku gidanku yamma yake kallo, kuma kuna da fili a gaba. Wannan shi ne wurin da ya fi kowane dacewa da itacen inuwa. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a watannin zafi rana tsaka a kan rufi take, bango ba ya shan ta sosai. Bangon da ke wahala shi ne na yamma, daga bayan Azahar har faɗuwar rana, daidai lokacin da iska ta fi zafi. Wataƙila maigida zai ce, in na dasa ta nesa haka, ai ta zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Ki tuna masa yadda ake gane shigar La'asar: lokacin da inuwar abu ta kai tsawonsa. Itace mai mita 10, da La'asar inuwarsa mita 10 ce, tana miƙewa gabas, wato kan gidanku, kuma tana ƙara tsawo har Magariba. In aka dasa ta mita 4 zuwa 5 daga katanga, cikin 'yan shekaru inuwar za ta haura katangar ta rufe bangon falon da kuke son karewa.

Akwai riba ta biyu. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar farkon damina mai karya itatuwa ita ma daga can take bugowa. Itacen da ke gabashin gida, in reshe ya ɓalle kan rufi yake nufa. Wanda ke yamma, waje yake zubarwa. Sai dai a nan ku kula da hanya da masu wucewa: duk shekara kafin ruwan farko a sauke busassun rassa da waɗanda suka yi nauyi. Darbejiya tana jure sara ƙwarai, ko an yi mata kwal-kwal takan sake tohowa.

Kafin a haƙa rami, a ɗaga kai a duba wayar lantarki; kada a dasa a ƙarƙashinta, don ƙarshenta sara ne na wulaƙanci duk shekara. A tambaya ko bututun ruwa ya bi ta wurin, a tabbatar iyakar hanya da inda kwata za ta bi in an zo yin ta, a kuma yi wa maƙwabci magana.

Wajen sayen dashe, kada maigida ya ruɗu da tsawo. Mutane suna son dogo don su ga kamar sun yi gaba, alhali dashen da ya daɗe a leda saiwarsa ta tsaye ta kai ƙasan ledar ta nannaɗe kamar gammo. Irin wannan ko ya girma ba ya kafuwa da kyau, shi ne iska ke tumɓukewa bayan shekaru. Ya zaɓi mai tsawon gwiwa zuwa ƙugu, mai kauri kamar fensir ko ɗan yatsa, miƙaƙƙe, kansa ɗaya. Ya ɗaga ledar ya duba ƙasanta: in saiwa mai kauri ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ya ajiye ya ɗauki wani.

Lokacin dashe shi ne in damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa Yuli, don ya sami wata biyu zuwa uku yana shan ruwan Allah kyauta. Rami wajen santimita 60 faɗi, santimita 60 zurfi. A tsince duk ɓaraguzan gini. A cuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin dabbobi, kwano biyu ko uku, wanda ya kwana biyu har ya koma kamar ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa kuma yana kiran gara. A yanke ledar da reza a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa curin ƙasar ba. Kada a binne dashen ya wuce inda ƙasar leda ta tsaya a jikinsa, wannan kuskure ya kashe dashe da yawa. A danna ƙasa, a yi masa ɗan gurbi kamar kwano don ruwa ya tsaya, a zuba bokiti guda nan take. Da rani in za a ba shi ruwa, a ba shi da yawa lokaci guda sannan a bar shi kwana uku. Yayyafin kullum yana koya wa saiwa zama a sama. Wata dabara mai rage wahala: a binne tulu ko ƙaramar randa ta ƙasa a gefensa har wuya, a riƙa cika ta ana rufewa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta sha ba. Ruwan alwala ma ya wadatar, in aka sa buta da ɗan benci a wurin.

Sai kariya daga dabbobi, wadda in babu ita duk abin da na faɗa aikin banza ne. Kada a ce ai ganyen da ɗaci. Akuyar rani ba ta san ɗaci ba. A kewaye shi da bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga, ko ragar waya da turaku huɗu, tsayi har ƙirji. Yana girma ana cire rassan ƙasa kaɗan-kaɗan, har gangar jikin ta miƙe sama da kan mutum kafin ta buɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, a nan maganar ba karin magana ba ce, aikin ke nan. In an kula, shekara uku zuwa huɗu za a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta.

A lambu za a yi masa tallan wasu itatuwan, gara ya san halinsu. Dogayen nan sirara masu ganye a sunkuye da ake jerawa a bakin katangar gidajen masu hali, ado ne kawai, ba su da inuwar da za ta rufe ko kujera. Mai kama da lema, mai rassa hawa-hawa, tana da kyau da saurin girma, amma saiwarta a sama take, tana ɗaga intalok. Mai jan furen nan da ke cika gari da ja wajen Afrilu da Mayu, 'yar Madagaska, tsirara take yini duk tsawon rani. Itacen turare yana shanye ruwan ƙasa, inuwarsa kuma shara-shara. Durumi da cediya sun fi kowa inuwa mai sanyi, amma saiwarsu ta fi ta darbejiya ɓarna nesa ba kusa ba, wurinsu dandali ne ko ƙofar masallaci mai fili. Ni a raina tsamiya da maɗaci sun fi darbejiya daraja, 'yan ƙasa ne kuma suna daɗewa, sai dai jinkirin girma, wanda ya dasa tsamiya jikokinsa ya yi wa. Ita tsamiyar ma na san da wuya a bar ku ku dasa ta a ƙofar gida ba a zo an ba ku labarin aljanu ba.

Mu dawo ramin tsakar gida. Abin da nake ba ki shawara shi ne buganbiliya, fulawar nan mai ƙaya da ke hawa katanga ta yi ja ko shunayya ko fari ko ruwan goro. Daga Kudancin Amurka ta fito, wajen Barazil, kuma halinta kishiyar na iksora ne: rana take so, kuma sai ta ɗan ji ƙishirwa take fure. Wanda ya cika mata ruwa da taki ganye kawai zai samu. Shi ya sa take cika da launi da rani, lokacin da komai ya yi fari da ƙura. Abin da ake gani mai launin ma ba furen ba ne, wasu siraran ganyaye ne kamar takarda da ke kewaye da ɗan ƙaramin farin fure a tsakiya. Saiwarta sirara ce, ba ta fasa gini. Hasali ma saboda rashin ƙwarinta sai an lallaɓa wajen cire ta daga leda. A ɗebe wasu daga cikin intalok ɗin a faɗaɗa ramin ya kai mita guda, a canja ƙasar. A kafa rumfa mai ƙarfi, ta ƙarfe ko ta azara, tsayinta ya wuce mita 2, don tana da nauyi in ta girma. A ɗaure reshe ɗaya ko biyu su hau turke, a riƙa cire duk wanda ya fito a ƙasa, ƙayar ta koma sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Duk ranar da aka aske ta a share wurin tas, ƙayarta tana huda silifa. Cikin shekara biyu kin sami jan da kike so, maigida ya sami wurin zama kafin darbejiyarsa ta kawo ƙarfi.

In ƙayar ta tsorata ki, ki sa lalle. Mun raina shi ne don namu ne, amma in aka gyara shi yana yin kyau, furensa yana ƙamshi da yamma, ba ya neman ruwa sosai, ga ganyen kina da abin yi da shi. Biyu kuma ki guje su tun da akwai yara, duk kyansu da juriyarsu: kariya, mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda, da oliyanda, mai dogon siririn ganye. Dukansu dafi ne. Oliyanda ko ganyenta akuya ta ci tana iya mutuwa, hayaƙin itacenta ma ba a so a shaƙa.

Iksorar kuma ga yadda za ki riƙe ta. Ki sami babbar tukunyar ƙasa mai huji a gindi, kamar girman bokitin fenti babba. Ta ƙasa ta fi ta roba, ba ta dafa saiwa. Ki haɗa ƙasar lambu mai kyau da ruɓaɓɓen ganye da ɗan yashi, kada ki ɗebi ƙasar gidan. Toka kada ta kusance ta. Na faɗi haka ne don an saba barbaɗa toka a gindin shuka saboda gara, ita kuwa toka kanwa ce a wurinta. Ki ajiye ta inda za ta sha hantsi, inuwa ta rufe ta daga Azahar. A gidanku jikin bangon da ke kallon gabas ke nan. Ki ɗora tukunyar a kan katako ko bulo biyu don zafin intalok kada ya taso mata, ki rufe saman ƙasar da busasshen ganye. Ruwa kullum da safe lokacin zafi, wani lokacin har da yamma. Ki tura yatsa, in ƙasar ta bushe har gaɓa ɗaya ki ba ta. Ruwan sabulu haram a gare ta. Da damina ki tara ruwan indararo a durom, ya fi kowane ruwa yi mata daɗi, kuma lokaci-lokaci ki zuba mata da yawa har ya fita ta hujin ƙasa ya wanke gishirin da ya taru. Da hunturu ki matsar da ita lungun da iska ba ta bugawa, ki riƙa wanke mata ƙura. In kika ga rawayar nan mai koren jijiya, ki nemi maganin ƙarfe na shuka a shagon kayan noma, ki kuma sake duba ruwan da kike ba ta. Tukunya ɗaya ko biyu, moɗa biyu zuwa uku a rana sun riƙe su, wannan kuwa ba zai taɓa kuɗin cefane ba. Kuma ki saya a lambun da ke nan Kano, wadda ta riga ta yi rani ɗaya a garin, ta fi wadda aka sauke daga mota jiya daga kudu.

Kafin ku kashe ko sisi, gobe in an kira La'asar ku fita ƙofar gida ku biyu da doguwar gora. Maigida ya tsayar da ita a inda yake ganin zai dasa, ke kuma ki duba inda inuwar ta faɗi. Ya matsa dama, ya matsa hagu, har sai inuwar ta nufi tagar falo sosai. Nan za a kafa turke, a jira ruwan Yuli.